Kwaɓin burodina ya tashi ya faɗi, shin in sa masa hodar kumburi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kwaɓa burodin nan da ba a murzawa, na rufe shi awa 18 kamar yadda aka rubuta, amma da na buɗe sai na tarar ya zube, ya yi ruwa, yana warin tsami. Wata maƙwabciyata ta ce in sayo hodar da masu gidan burodi ke sawa. Ina tsoro, domin yarana ne za su ci.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Tashin kwaɓinki ne ya wuce ƙa'ida. Awa 12 zuwa 18 ɗin nan, da Jim Lahey, wani mai gidan burodi a birnin New York, ya yi suna da su tun 2006, an auna su ne da ɗaki mai sanyin digiri 21, alhali a zafin bazararmu yis kan cinye abincinsa tun kafin rabin wannan lokaci, daga nan danƙon fulawar ya saki. Idan kwaɓin yana da sauran danƙo, ki barbaɗa fulawa, ki ninke shi, ki ba shi rabin awa, sannan ki gasa a tukunyar ƙarfe mai murfi wadda ta riga ta yi zafi. Idan kuwa ya tsinke, ki shimfiɗa shi a faranti da ɗan mai ki gasa. Tsamin ba ya cutarwa muddin babu fumfuna. Nan gaba ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki rage yis, ko ki kwanar da shi a firji.

Batun hodar ne ya fi damuna, don kullum sai na ji shi. Sau da yawa abin da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba potassium bromate ne, sinadarin da NAFDAC ta haramta a burodi fiye da shekara 20 da suka wuce, saboda yana lalata ƙoda, kuma ya haddasa ciwon daji a dabbobin gwaji. Masu sayar da shi kan ce wuta na ƙone shi, amma wanda ya ɗiba da ka, babu ma'auni, ba shi da hanyar sanin abin da ya rage a cikin burodin. Ba ya ma gyara kwaɓin da ya riga ya zube. Wanda ya ce miki kowa na sawa, ki tambaye shi lambar rajistar NAFDAC da jerin abubuwan da ke cikin ledar, idan bai nuna ba kada ki karɓa.