Juya Majinyaci Duk Bayan Awa Biyu: Takura Ce Ko Kulawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma da aka sallame mu daga asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce mu riƙa juya ta duk bayan awa biyu, har cikin dare. Gwaggona tana ganin takura wa tsohuwa ne kawai. Shin wajibi ne?
Wata mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Tausayi ne ya sa Gwaggo faɗar haka, amma gaskiya tana wajen ma'aikaciyar jinya, domin abin da take gudu shi ne gyambon kwanciya.

Mai lafiya yakan juya cikin barci ba tare da ya sani ba, wanda kuwa jikinsa ya shanye ba ya iyawa, wani lokacin ma ba ya jin zafin da zai sa ya nemi a juya shi. Idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata tsakanin ƙashi da katifa, jini yakan daina isa wurin, sai naman ya fara mutuwa daga ciki tun fatar waje ba ta nuna komai ba. A asibiti akwai ma'aunin Braden, wanda aka fitar a 1987, da ake auna haɗarin da shi ta fuskoki shida, ciki har da motsi, danshin fata da cin abinci. Maki 18 zuwa ƙasa yana nuna majinyaci yana cikin haɗari.

Duk lokacin da kika juya ta, ki duba ƙasan gadon baya, da kwankwaso, da dunduniya, da idon sawu, da ƙeya. Littattafai da yawa suna cewa a nemi jan tabo, alhali a baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai. Don haka ki duba da hasken rana ko tocila, ki kuma taɓa da hannu: wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ɗumi, ko tauri, ko yake sheƙi, shi ne farkon gyambo. Kada a yi masa tausa ko a shafa man zafi, domin hakan ƙara lalata naman yake yi. A ɗauke nauyi daga kansa kawai.

Ki karkata ta kaɗan ki tokare bayanta da filo, ki sa wani tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Mutum biyu su ɗaga ta da zanen gado maimakon jan ta. A sauya shimfiɗa da zarar fitsari ya jiƙa ta, kada kuma fata ta kwanta kan leda kai tsaye. Wake, ƙwai, kifi da nono suna taimaka wa fata, sai dai idan tana ƙwarewa wajen haɗiya, ki sanar da likita tukuna.

Aikin dare kuwa ku raba shi tsakaninku, kada ya zama naki ke kaɗai. Idan fatar ta fashe, ko wurin ya fara wari ko ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, ku koma asibiti a ranar.