Murjanina ya koɗe kwana uku da saye, in ƙara masa haske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min, hankalina a tashe yake. Tankina na ruwan gishiri lita 200 ne, wata bakwai kenan da haɗa shi a nan Gwarinpa, kifaye huɗu kuma duk suna lafiya lau. Ranar Asabar na karɓi murjani masu rai guda uku da aka turo min daga Legas, akropora koriya ɗaya mai rassa, hama ɗaya mai kaurin tsoka, sai ɗan dutsen zowa, ƙananan nan masu laushi kamar furanni. Mai sayarwa ya ce daga Indonesiya suka zo, rana suka saba da ita, don haka in ɗora su can saman duwatsu in ƙure fitila. Haka na yi. Yau Talata akroporar ta koɗe ta kusa zama fara fat, zowa sun ƙi buɗewa, hama ta shige cikin ƙashinta. Na kira shi ya ce haske ne bai ishe su ba, in mayar da awannin fitila 14 in kuma yaye labulen taga. Kuɗin da na kashe ko uwargida ban gaya wa ba. Sun mutu ne? In ƙara hasken?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan tashi ka je ka rage fitilar zuwa kashi 40, ka mayar da labulenka yadda yake, ka sauko da su ukun duka kan yashin ƙasan tanki a gefe inda hasken bai faɗo kai tsaye ba, sannan ka dawo mu yi magana.

Toh. Ko sun mutu, wannan kai za ka duba da idonka yau da dare. Ɗauki tocilan ɗin wayarka ka matso da fuskarka jikin gilas ka kalli akroporar da kyau. In ka ga akwai siririyar tsoka shara-shara lulluɓe da rassan, kuma cikin ƙananan ramukan nan akwai 'yan bakuna da ke leƙowa ko da kaɗan ne, to tana raye, launi kawai ta zubar. In kuwa ka ga ƙashi tsirara, bakin ramukan da kaifi kamar alli da aka fasa, tsokar tana saɓulewa tana bin ruwa, wannan wurin ya tafi, sai dai a yanke reshen da ya rage lafiya a manna shi daban. Zowa kada su dame ka, suna iya yin sati a rufe don fushi kawai su dawo su buɗe. Hama kuma abin da za ka sa wa ido shi ne wani kumfa-kumfa mai ruwan ƙasa kamar majina a kan bakinta, in babu shi tana nan da ranta.

Yanzu bari in zauna a kan maganar nan ta "rana suka saba da ita", domin wallahi na gaji da jinta, kusan duk sati sai wani ya turo min hoton farin murjani da wannan bayanin a ƙarƙashinsa. Mutum ya ga abu ya yi fari sai ya ɗauka yunwar haske ce, kamar ganyen da aka kifa wa bokiti ya yi rawaya. Murjani ba haka yake ba, akasin haka ne ma. Wanda haske bai isa ba duhu yake yi, ya koma ruwan ƙasa kamar kunun kanwa, saboda yana ƙara tara gansakukar nan da ke zaune cikin tsokarsa, zuzanteli, don su kama ɗan hasken da ake samu. Zai yi muni a ido amma zai yi watanni a haka bai mutu ba. Wanda haske ya yi wa yawa shi ne mai fari. Gansakukar nan ita ke ciyar da shi, kaso mafi yawa na abincinsa daga wurinta yake, amma in hasken ya wuce abin da za ta iya sarrafawa sai ta fara fitar da guba mai ƙona tsoka daga ciki, shi kuma don ya tsira sai ya tofar da ita waje. Farin da kake gani ƙashinsa ne kake hangowa ta cikin tsokar da babu kowa a ciki. Wato ya kori mai dafa masa abinci, yana zaune da yunwa, kai kuma an ce ka ƙara masa abin da ya jawo korar. Garin neman gira ake rasa ido.

Kuma wace rana ma? Eh Indonesiya ƙasa ce mai rana, amma ai ba a kan rufin kwano murjanin yake zaune ba. Irin su hama da 'yan uwanta masu kaurin tsoka da yawansu a ruwa mai zurfi ko mai ɗan gurɓata suke, mita 10 ko 20 ƙasa, inda jan haske ya riga ya ƙare tun a sama sai shuɗi-shuɗi ke isa. Bayan haka naka ba daga teku ya faɗo falonka ba. An ajiye shi a tankin mai fitarwa, an ɗaure shi a leda cikin kwalin kumfa, ya kwana ɗaya ko biyu a duhu cikin jirgi da ɗakin kaya, ya zauna a Legas ƙarƙashin fitilar da ba ka san ƙarfinta ba, ya sake shiga duhu zuwa Abuja. Duk manomin tumatir ya san ba a dashe da tsakar rana, da yamma ake yi, wani ma har ya kafa wa dashen ɗan ganye ya yi masa inuwa kwana biyu, alhali tumatir ɗin nan in ya kama ƙasa rana ce abincinsa. Abin da manomin Kadawa ya sani ba tare da ya karanta komai ba, shi ne mai sayar da murjani a status ɗin WhatsApp ya kasa ganewa, ko kuma ya gane sarai amma ya san in wannan ya mutu za ka dawo ka sayi wani.

Sai matsalar ido. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai san komai ba. Idon ɗan Adam ya fi kama haske mai kore da rawaya, wajen nanomita 555 a ma'aunin tsawon zangon haske, shuɗin LED ɗin tanki kuwa wajen 450 yake, mu muna ganinsa dishi-dishi kamar magariba amma ita gansakukar nan shi ta fi sha. Na taɓa zuwa wani gida a Maitama, mai gidan yana ta ƙorafin fitilarsa ba ta da ƙarfi zai sayi ta biyu, na zura na'urar auna PAR, wato ƙarfin hasken da gansakukar ke amfani da shi, a saman dutsensa ta nuna sama da 500, a daidai wurin da ya ɗora mashrum, wani murjani mai laushi, abin da 50 zuwa 100 ya ishe shi. Mashrum ɗin ya takure ya zama kamar ƙwandala. Kuma kada ka ce za ka sauke manhajar auna haske a waya, lux take aunawa, wato idon mutum take kwaikwayo, ƙaryar da idonka ya yi maka ita za ta maimaita maka da lambobi.

Lambobin PAR da nake aiki da su: zowa da mashrum da sauran masu laushi 50 zuwa 150, masu ƙashi da manyan bakuna (LPS) irin hama 75 zuwa 150, masu ƙashi da ƙananan bakuna (SPS) irin akropora 200 zuwa 350. Amma lura, wannan inda za su ƙarasa ne bayan sati uku ko huɗu, ba inda za a ajiye su ranar farko ba. Hatta akropora mai son haske a ƙasa take farawa. Awa 8 zuwa 10 na fitila a rana ya isa, awa 14 ɗin nan ban san daga ina ya samo ta ba. In fitilarka irin su Radion ko AI Hydra ce akwai tsarin sabawa a cikin manhajarta, ka kunna shi ita da kanta za ta riƙa ɗagawa a hankali. In kuma baƙar fitilar nan ce mai maɓallin murɗawa guda biyu, ka ƙara kashi 5 duk sati kada ka wuce. Wanda fitilarsa ba ta raguwa sam, ya yanko ragar sauro ta roba irin ta taga ninki uku ko huɗu ya shimfiɗa a saman tanki, duk sati ya cire ɗaya. Tsohuwar dabara ce kuma tana aiki. A naka yanayin tunda ta riga ta koɗe, ka bar ta a kashi 40 ɗin nan har sai ka ga launi ya fara dawowa kafin ka ƙara komai. Kada kuma ka kashe fitilar gaba ɗaya, 'yar gansakukar da ta rage tana buƙatarta.

Maganar yaye labule kuwa ita ce ta fi ba ni haushi, domin a Abuja muke. Haske da zafi tare suke kashe murjani, ɗaya yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. A teku ma digiri ɗaya kacal sama da zafin da suka saba a bazara, in ya ɗauki makonni, ya isa ya sa su fari, haka aka gani a duniya a 1998, haka aka gani a babban tsaunin murjanin Ostareliya a 2016 da 2017. Tankinka digiri 25 zuwa 26 yake so. Garin da a Maris da Afrilu zafi ke haura 35, a ɗauke wuta da azahar AC ya tsaya, lita 200 kafin la'asar ya doshi 30, ka kuma buɗe masa taga? Ban ga ka faɗi zafin ruwanka ba a tambayar, kuma ina zargin rabin laifin yana nan. Ka ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, tana sauke digiri ɗaya ko biyu, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri gishiri ya hau, ka riƙa cikawa kullum da ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa gishiri da ma'adinai, ba na burtsatse ba, ba fiya wata ba. Injin kaɗa ruwa kuma ya kasance a kan inbata ko da sauran na'urori duk za su tsaya, shi ne numfashinsu. 'Yan uwanmu na Jos nasu akasin haka ne, su hita za su nema don daren Disamba da Janairu.

Don gaba in za ka sake karɓa: rage fitila kafin ka buɗe kwali, ka sa ledar a rufe ta yi iyo a tanki minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita. Murjanin da ya kwana a hanya ban yarda a yi masa ɗigo-ɗigon awa biyu ba, saboda da zarar ka buɗe leda pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya hau, ƙazantar da ya tara a hanya ta koma ammoniya mai ƙuna, kana ganin gata kake masa alhali a cikin guba ka jiƙa shi. Ka auna gishirin ledar, in bai yi nisa da na tankinka ba, wato 1.025 a ma'aunin gishiri, ka wuce kai tsaye zuwa wanka da maganin ƙwari irin Coral Rx ko Revive yadda aka rubuta a kwalba, ka ɗauraye a wani kofin ruwan tanki, ruwan leda kuma ya tafi kwata, ko ɗigo kada ya shiga. Maganin ba ya kashe ƙwai, don haka ka duba ƙasan ɗan dandamalin da aka manna shi, in da hali ka cire shi ka sa sabo. Kuma ka tambayi mai sayarwa takardar CITES, wato izinin cinikin halittun da ake karewa tsakanin ƙasashe, masu ƙashi irin akropora da hama ba a ƙetare iyaka da su sai da ita, yadda zai amsa maka zai nuna maka wane irin mutum ne.

Zowa ɗin nan da ka sauko da su, ina fata ba da hannu tsirara ka kama ba. Wasu daga cikin danginsu suna ɗauke da palitoksin, guba ce mai tsanani, safar hannu da tabarau dole ne, kada ka taɓa su da rauni a yatsa, kada ka murza ido, kuma duk ranar da wani gwani ya ce ka tafasa dutsen ko ka zuba masa ruwan zafi don kashe su, kada ka yarda, tururin ya kwantar da iyalai gaba ɗaya a asibiti.

Abin da ya rage haƙuri ne da ɗaure hannu. Ka ajiye su wuri ɗaya ka bar su, kullum a ɗaga a juya shi ma wahala ce a gare su. Kada ka zuba wani bitamin ko maganin dawo da launi da za a tallata maka gobe. Auna alkaliniti, wato sinadarin kabonet ɗin da murjani ke gina ƙashi da shi, ya tsaya wajen 8 a ma'aunin dKH ba ya hawa ba ya sauka, naitret kuma, takin da ke fitowa daga kashin kifi, kada ya zama sifili, tanki mai wata bakwai da kifi huɗu yana iya yin tsabtar da ta yi yawa, kuma murjani mai yunwa ya fi saurin ƙonewa. Sau biyu a sati bayan fitila ta mutu ka fesa musu ɗan abincin murjani kaɗan da sirinji. Launi ba ya dawowa a sati, wata ɗaya zuwa uku ne, kuma ruwan ƙasa zai fara yi kafin koren, in ka ga haka ka yi hamdala. Gaskiya akroporar rabi da rabi ce, da ka tambaye ni tun farko da na ce ka bari tankin ya shekara. Hama da zowa ina sa ran za su tashi. Ranar Juma'a ka turo min hotonsu ƙarƙashin farin haske ba shuɗi ba, tare da zafin ruwan da ka auna da ƙarfe uku na rana. Uwargida kuma gara ka gaya mata da bakinka kafin ta ga alat.