Amsar tambayarka kan lambar bugu a besbol

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce za ka zo wajen yayarka a jihar Teksas ta Amurka ka ƙarasa sakandare, kuma tunda ka ɗan taɓa besbol a Ilori, kana son sanin wace lamba ce ake kira mai kyau a bugu, da ko za ta kai ka jami'a kyauta. Ɗana na biyu ya shekara uku yana wasan nan a makarantarsu a Hustan, nan Teksas, ni kuma na sha zaman benci har bayana ya gaya mini, to ga abin da na gani.

Lissafin ba wuya. Sau nawa ka buga ƙwallo ka isa zangon farko lafiya, a raba da sau nawa ka tsaya bugu. Ka tsaya sau 10 ka dace sau 3, sai a rubuta maka .300, a baki kuma "ɗari uku" suke cewa. In mai jifa ya kauce sau huɗu aka ba ka zango kyauta, ko ƙwallo ta same ka a jiki, wannan ba ya shiga lissafi. In kuwa mai tsaro ne ya saki ƙwallon da ya kamata ya cafke, an ƙirga maka tsayuwa amma ba a ba ka bugu ba. Riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

A gasar ƙwararru ta MLB, mai .300 sarki ne. A 2024 matsakaicin gasar gaba ɗaya .243 ne, kuma a manyan rukunoninta biyu ba wanda ya sake rufe shekara da .400 tun bayan .406 ɗin Ted Williams a 1941. Sakandare wata duniya ce daban. Sandar ƙarfe ake bugu da ita ba ta katako ba, masu jifan yara ne, masu tsaron ma haka. A babbar tawagar makaranta, .300 na nufin ka riƙe gurbinka ba kunya. Daga .350 an san da zamanka. Mai .400 shi ne wanda kocin abokan hamayya ke gargaɗin yaransa a kansa.

Sai dai ni lambar nan ban cika yarda da ita ba. Kakar wasa gajeriya ce, daga Fabrairu zuwa wajen Mayu a nan, yaro zai iya tsayawa bugu sau 70 kacal. Dacewa 21 cikin 70 ita ce .300, dacewa 24 kuma .343. Ƙwallo uku ke nan tsakani, wata ma iska ce ta taimaka. Ga kuma mai rubutawa. A tawagar ɗana, wata uwa ce ke zaune a bayan raga da waya tana shigar da sakamako a manhajar GameChanger. Ran nan ɗanta ya buga wata lagwaniyar ƙwallo, ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaro, ina kallo ta rubuta masa bugu a manhajar. Na yi gyaran murya, ta yi kamar ba ta ji ba. Da muka isa gida na tarar nawa ɗan ma ta yi masa irin wannan alheri sau biyu, sai na ja bakina na yi shiru.

Kocin jami'a ya san duk wannan. Shi abin da yake tambaya: da wa ka kara, wane gudu ƙwallo ke yi in ta bar sandarka, daƙiƙa nawa kake cin yadi 60 (ƙasa da 7 ake so), kuma me ka yi a wasannin bazara na kulob, waɗanda iyaye ke biya da tsada. Tallafin karatu na besbol ma galibi rabi da kwata ne, ba cikakke ba, shi ya sa yara da yawa ke farawa daga kwalejin shekara biyu.

Kafin duk wannan, duba takardunka. Bizar ɗalibai ta F-1 wata 12 kawai take ba ka a sakandaren gwamnati, kuma kai za ka biya kuɗin karatun. Dokar barin baƙon ɗalibi ya buga wa babbar tawaga ta bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka yayarka ta je ofishin wasannin makarantar ta tambaya tun kafin a sayi tikiti. Ka turo mini bidiyon bugunka, ɗauka daga gefe, in nuna wa ɗana.