Kaka mai ciwon daji da sabon jika: shin ta jinkirta magani don wankan jego?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mace ce mai shekara 57, ina zaune a unguwar Bagalam nan cikin Maraɗi. An yi mini aikin ciwon dajin mama, yanzu ina zuwa Yamai duk bayan mako uku ana ɗaura mini ruwan maganin da muke ce wa shimiyo. Ɗiyata ta fari ta zo gida goyon ciki, Allah ya sauke ta lafiya, namiji, shi ne jikana na farko. Ina so in ɗaga zuwa Yamai har a yi arba'in don in yi mata wankan jego da hannuna. Wasu dangi sun ce ma in bar maganin ɗungum, kwana in ya ƙare ya ƙare. Dangin uban yaron kuma sun aiko kada in riƙa ɗaukarsa don kada ya kwashi cutar. Sannan Malam, tun da aka haife shi nake roƙon Allah ya bar ni in ga tafiyarsa, sai zuciyata ta ce mini wannan son duniya ne ga wadda ya kamata ta yi shirin kabari. Ga kuma azumi na tafe. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Zan fara da abin da ke cin zuciyarki, don na lura shi kika ajiye dab da ƙarshe alhali shi ya fi nauyi. Farin cikin da kike yi da jikan nan ba gafala ba ne. A cikin Suratun Nahli, aya ta 72, Allah ya lissafa ƴaƴa da jikoki a jerin ni'imomin da yake yi wa bayinsa gori da su. A Suratu Hud, aya ta 71, mala'iku sun yi wa Saratu matar Annabi Ibrahim bushara da Ishaƙa, kuma a bayan Ishaƙa da Yaƙuba. Tsohuwa ce tukuf a lokacin, amma aka haɗa mata albishirin ɗa da na jika. Da murna da jika aibi ce ga mai shekaru, da ba a yi bushara da ita ba.

Abin da Manzon Allah (SAW) ya hana mai jinya shi ne kishiyar abin da kike yi. A hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya hana mutum ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, ya ce in ya zama dole to ya roƙi Allah ya rayar da shi muddin rayuwa ce alheri gare shi, ya karɓi ransa in mutuwa ce alheri. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ya yi tsawon rai kuma aikinsa ya yi kyau. Ki roƙi ganin tafiyarsa, ki roƙi ganin saukar karatunsa ma. Shirin lahira yana cikin salla da biyan bashi da rubuta wasiyya da neman yafiyar mutane, kuma duk waɗannan ana yin su da jariri a cinya.

Sai maganar magani. Masu cewa ki bari don kwana in ya ƙare ya ƙare, gaskiya suka faɗa a kan ajali, amma sun ɗora mata hukuncin da ba nata ba. Usamatu ɗan Sharik ya ruwaito cewa ƙauyawa sun tambayi Annabi (SAW) ko su yi magani, ya ce su yi, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Abu Dawuda da Tirmizi sun fitar da shi. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Na sani akwai malamai na da da suka ce barin magani ya halatta, suna kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri aka yi mata alƙawarin Aljanna. Amma a zamaninsu yawancin magunguna zato ne, ko a dace ko a rasa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda a shekarar 1992 ta rarrabe al'amarin, ta ce magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko lalacewar gaɓa, ko nakasa. Dajin mama da aka yi wa aiki aka bi shi da shimiyo, a mafi yawan lokuta wannan ajin yake shiga, domin manufar ruwan ita ce kashe ragowar ƙwayoyin cutar da wuƙa ba ta gani ba. To idan likitanki ya ce yana sa ran warkewa ko tsawaitar rai da wannan magani, a fahimtata ci gaba da shi wajibi ne a kanki, barinsa da gangan ya shiga cikin jefa kai ga halaka da aya ta 195 ta Baƙara ta hana. Da a ce cutar ta kai inda likitoci da kansu suka ce ruwan wahala kawai yake ƙarawa, da hukuncin ya sauya, mai jinya yana da zaɓi. Ki yi wa likitanki wannan tambayar ƙarara, ki tafi da wani babba cikin ƴaƴanki ya ji amsar tare da ke.

Mako ukun nan ba don jin daɗin ma'aikata aka yanka shi ba. Tazara ce da jini yake farfaɗowa a cikinta kafin cutar ta sake yin ƙarfi. Kin san gonar gero: in aka yi noman fari aka bar maimai ya wuce lokacinsa, ciyawa ce ke cin takin. Ɗaga zagaye ɗaya da kwana arba'in ba ƙaramin abu ba ne, kuma likita kaɗai ke da hurumin ɗagawa, galibi in awon jini ya nuna jiki bai shirya ba. Ban raina wahalar hanya ba. Fiye da kilomita 600 ne daga nan zuwa Yamai, ga kuɗin mota, ga masauki, ga amai a hanyar dawowa. Duk wannan yana cikin abin da Annabi (SAW) ya ce ana kankare wa mumini zunubi da shi, har ƙayar da ta soke shi.

Wankan jego al'ada ce, ba farilla ba ce ba sunna ba ce, kuma al'ada ba ta ture wajibi. Ki wakilta ƙanwarki ko goggon yarinyar, ke ki zauna a kujera kina ba da umarni, wanda dama shi ne rabin aikin kaka. Hannun da ke ɓangaren da aka yi wa aiki, musamman in an cire kaluluwar hammata, ba a son ya ƙone ko ya yi rauni, don yana iya kumbura kumburin da ke da wuyar sauka, kuma tukunyar tafasasshen ruwa da ganye ba wurinsa ba ne yanzu. Tun da maganar ta zo, a sassauta wa mai jegon ma: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Game da saƙon surukai, a gaya musu cikin mutunci cewa ciwon daji ba a ɗaukarsa ta runguma, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya. Hana kaka jikanta a kan zato marar tushe cutarwa ce, kuma yana taɓa zumunci. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umamatu ɗiyar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, da Aƙra'u ya ce yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ki ɗauki angonki, ki yi masa kirari, ki yi masa tsiyar da kakanni ke yi.

Sai dai akwai kiyayewa, kuma shari'a ce ta yi umarni da ita. Maganin yana fita ta fitsari da amai da yawu a kwana biyu zuwa ukun farko bayan an ɗaura shi. A kwanakin nan ki yawaita wanke hannu da sabulu, kada ki sumbace shi a baki, kuma tauna dabinon da ake sa wa jariri a baki ki bar wa wani. Haɗarin da ya fi girma ma a kanki yake. Fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki suna yin ƙasa sosai wajen kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, ta yadda murar da wani zai share a kwana biyu ke tana iya kwantar da ke. In taron suna ya faɗo cikin waɗannan kwanaki, ki zauna a ɗakinki da takunkumi, ƴan barka su gaishe ki daga bakin ƙofa, mai tari ko yaro mai ƙyanda ko ƙarambau kada ya shigo. Wankin kashin jariri ki bar wa wasu, musamman bayan an ɗiga masa rigakafin shan-inna, don ƙwayar rigakafin tana fita ta bayan gida na wasu makonni. Wannan ba dalilin hana shi rigakafi ba ne, a yi masa a kan lokaci. Ki ajiye ma'aunin zafi a gida; in ya nuna 38, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa, ba jiƙo ba.

Salla kuwa, ki yi a tsaye, in kin kasa a zaune, in kin kasa a kishingiɗe, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci sahabinsa Imrana ɗan Husaini. Amai ba ya warware alwala a mazhabar Malik, ki kurkure baki ki wanke inda ya taɓa. Ranar da ruwa zai cutar da ke ko kika kasa kai wa gare shi, ki yi taimama.

Azumi: Shaihu Halil ya faɗa a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa mai ciwo yana da damar sha in yana tsoron ƙaruwar ciwon ko jinkirin warkewa, kuma shan ya zama wajibi in yana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Mai shan shimiyo tana buƙatar ruwa da yawa don kare ƙoda, ga zafin Maraɗi da kika sani. In likita ya ce kada ki yi, to kada ki yi, ko da kin ji ƙarfi da safe. Ki ƙirga kwanakin ki rama bayan an gama magani kin murmure. In ta tabbata ba za ki ƙara iya azumi ba har abada, babu ramuwa a kanki, kuma a mazhabarmu an so ki ciyar da mudun Annabi ɗaya na gero ko shinkafa a madadin kowace rana. Wasu mazhabobi sun wajabta ciyarwar, don haka in da hali ki yi ta.

Allah ne mafi sani.