Kalmar da kike nema ita ce "unrequited"

'Yar'uwa, kin tambaya wace kalma Turawa ke faɗa wa son da kike yi wa mutum amma shi ko a jikinsa. Kalmar ita ce "unrequited", ana furta ta kamar anrikwaitid. Tushenta "requite" ne, wato saka wa mutum da irin abin da ya yi maka, sai "un" ɗin gaba ya kore ma'anar. Ka ba da so, ba a maido maka ba ke nan.

Kusan kullum da "love" take tafiya, a ce "unrequited love". A rubutu da waƙa aka fi jin ta. Idan hira ce da ƙawa ta WhatsApp, "one-sided" ya fi sauƙi, kada a ce kina ta da kai.

Wasu za su fassara miki ita da son maso wani, amma akwai ɗan bambanci. Namu yana nuna akwai wata can da ya mutu a kanta. Tasu kuwa ba lallai sai da wata ba. Ke dai kina aika masa saƙo yana karantawa, shiru kake ji.