Muna jami'o'i uku, yaya za mu adana bayanan bincikenmu wuri guda?

Tambaya: Malam, mu malamai ne a jami'o'i uku, muna binciken haɗin gwiwa kan ƙasar noma. Hotunan gonaki da sakamakon gwaje-gwaje sun taru, kowa na riƙe da nasa a kwamfutarsa, har mun kasa gane wane fayil ne na ƙarshe. An ba mu shawarar rarraba ajiya tsakanin jami'o'in. Me ake nufi, kuma zai fishe mu?

Amsa: Zai taimaka, amma ciwon da kuka bayyana na rashin rajista ne, ba na ƙarancin wurin ajiya ba.

Rarraba ajiya shi ne bayanai su zauna a saba, wato babbar kwamfutar ajiya, ta kowace jami'a, manhaja ɗaya ta haɗa su, mai bincike ya kira fayil da sunansa ba tare da ya damu da garin da yake ba. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Geneva ta yi nisa a wannan. Abin da na'urar LHC, wadda CERN ke gwara ƙwayoyin zarra da ita, ke fitarwa ya fi ƙarfin waje ɗaya, sai aka raba shi hawa-hawa: kwafin farko a CERN, na biyu a wasu manyan cibiyoyi, jami'o'i kuma su ɗebi wanda za su yi nazari a kai. Cibiyoyi kusan 170 ne a ƙasashe fiye da 40. Masu gwajin ATLAS, ɗaya daga gwaje-gwajen LHC, su suka ƙirƙiro manhajar Rucio don kula da nasu kason. Ana gindaya mata doka, a ce fayil kaza ya kasance da kwafi biyu a wurare daban, in ɗaya ya lalace ita da kanta za ta sake kwafowa.

Ku ba kwa buƙatar Rucio, tunanin da ke cikinta kuke buƙata. Ku buɗe rajista ɗaya da ke nuna sunan kowane fayil, wanda ya tattara shi, ranar, na'urar da aka yi awo da ita, da inda kwafinsa suke. Ɗanyen bayani a kulle shi, a karanta kawai, mai son gyara ya yi a kan kwafi. Kowane fayil a fitar masa da lambar tantancewa ta SHA-256, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, in ya canza ita ma ta canza. In an tura shi wata jami'a a sake fitarwa a gwada, domin intanet ɗin da ke yankewa kan bar fayil rabi, ga suna daidai, ciki kuwa a lalace.

Wani tarkon kuma, manhajar da ke daidaita fayiloli tsakanin kwamfutoci ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. Ɗalibi ya goge abu bisa kuskure, nan take zai ɓace ko'ina. Lallai a sami kwafi ɗaya a faifan da ba ya jone da komai.

Ku tambayi sashen kwamfuta ko jami'arku na kan NgREN, layin intanet na jami'o'in Najeriya, wanda ke haɗe da takwaransa WACREN na Afirka ta Yamma. In layin ba ƙarfi, tura faifai a mota ba abin kunya ba ne.

Idan an kammala, ku ɗora bayanan a Zenodo, ma'ajiyar bayanan bincike a intanet, wadda aka buɗe a 2013. Kyauta ce, tana karɓar gigabait 50 a kowane kundi, tana ba da lambar DOI, wato adireshin dindindin da ake ambaton bayanan da shi. Sai dai in akwai sunayen manoma ko lambobin wayarsu, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku, ku cire su tukuna. Tun yanzu kuma ku rubuta wace jami'a za ta ci gaba da biyan kuɗin saba da man janareta bayan tallafin binciken ya ƙare.