Kalmar da ta ci mini riga uku

Ka ce wata mata ta turo maka saƙo daga Landan tana son aikin wuyan riga "intricate", kana tambaya ko nufinta a cika aiki. Ajiye allurar nan, yaro, ka saurara. Wannan kalmar ta taɓa cin kuɗina.

In Bature ya faɗe ta, yana nufin abu mai ƙananan sassa da yawa da suka sarƙe da juna, wanda sai ka matso da ido kake gane inda zare ya bi. Girman zane bai shigo ciki ba. Ko magana ce ta ɗaure, haka suke kiranta. Dubi aska takwas ta hannu irin ta Zariya, wato zanen aikin gaban babbar riga, ka dubi cikin tambarinta, zagayayyen zanen nan, ka ga ma'anar.

Ni a 2011 ban san haka ba. Wani dillali ya zo shagona da takarda, wai wani Bature mai sayen kayan gargajiya na son babbar riga uku. Ya karanto kalmar, ya ce, "Malam, a cika aiki kawai." Da kuɗina na sayi shadda, na nemo zaren tsamiya, na yi wata biyar a duƙe har idona yana ruwa da daddare. Ya kwashe. Bayan mako biyu ya dawo yana jimami, wai Baturen ya ƙi, wai ba abin da kalmar ke nufi na yi ba. Ya ba ni rabin kuɗi, har da cewa don tausayi. Ina zan yi musu da Turancin da ban iya ba?

Bayan Babbar Sallah na ga ɗaya a jikin wani a wurin ɗaurin aure. Ɗinkina ne, ko a duhu na san shi. Mai rigar ya faɗa mini nawa ya saya: ninki uku na abin da aka ba ni. Har yau in na hango dillalin a masallacin Juma'a, sahu nake canzawa.

Saboda haka ka zana a takarda, ka tura mata hoto, ta amsa da saƙon murya, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka zura zare. Yadda ake sauke zane a kan yadi kuwa, wanda ya shekara biyu a gabana bai kamata ya tambaya ba. Ku yaran yanzu keken kwamfuta ya lalata ku, awa biyu kuna son riga ta tashi. Wannan aikin in ka karɓa, kada ka yi mata alkawarin ƙasa da wata biyu.